Hancin Gwaggo

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mutanen wurin aikinku. Yaya kunnen? Inna ta ce a tambaye ka ko kana ɗiga maganin nan, ko kuwa ka ajiye shi a taga yana yi maka gadin ɗaki. Ita tana nan lafiya, sai ƙafar da ke tashi in ta daɗe a tsaye. Yaya da iyalinsa lafiya lau, yarinyarsa ta fara tafiya, abin da ta samu duk sai ta kai baki. Unguwa ma lafiya, in ban da ɓarayin mai da suka addabe mu kwanakin baya, mu wayi gari mu tarar an zuƙe tankin mota da tiyo. Yaya ya sayo wani murfin tanki mai makulli, sabo fil yana ɗaukar ido. Makullin yana aljihunsa, shi ke buɗewa da safe a zuba mai ya mayar ya rufe. Tun daga nan muka huta da su.

Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka yi wancan karon, ina ce maka Inna na gaishe ka, kai kana tambayata wa ya haihu. Shi ya sa na ce gara takarda, in ba direban da ke kai muku siminti. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a makaranta.

Kawu, Gwaggo ce ba lafiya. Har yanzu da sunan da ka raɗa wa motar muke kiranta, har mai bulon da nake yi wa jigila haka yake ce mata. Da safe bugu ɗaya take tashi, muryarta garau. In loda bulo in fita, mu wuce kasuwa, mu wuce gada, allurar zafi ta hau ta zauna inda ta saba zama. To da mun fara hawa tudun nan na bayan gidan ruwa sai ta fara sarƙewa kamar mai tari. In taka totur, ita kuwa tana ja da baya. Daga nan sai ta mutu. In yi ta bugawa, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Sai in nemi inuwa in zauna. In ta huce, ta tashi kamar ba ita ba, mu ɗan taɓa tafiya, ta sake.

Makaniken bakin tasha ya ce ciwon zafi ne. Ya canza fulogi, ya wanke kafireto, ya tashe ta a gareji ya bar ta tana kuka har ya gama cin abinci, ba ta mutu ba. Ya ce ai ga ta nan garas. Washegari ta kwanta mini da lodin bulo da tsakar rana.

Mai bulo mutumin kirki ne, amma magina ba sa jiran mota ta huce. Jiya Yaya ya kira ni zaure ya ce, "Auta, mota Baba ya bar mana, bai bar mana jinya ba. In watan nan ya mutu ba ta warke ba, zan kira mai gwangwan ya auna ta, kai kuma ka dawo shago." Kawu, ka san ni da shago. Ban iya zama bayan kanta ina korar ƙuda ba. Kuma ka san abin da mai gwangwan ke yi wa mota, da wuta yake yanka ta.

Kai ka tuƙa wa Baba ita tun kaina bai kai sitiyari ba. Ka faɗa mini inda zan duba.

Ɗanka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ka ce wa Innarka maganin yana nan, kunnen ma yana nan, ba mai damun wani. Tsaron sito ido yake so, kuma nawa biyu ne cif.

A kan gwiwa nake wannan rubutu. Direban siminti yana tsaye a kaina, ina ganin bakinsa yana motsi, na kuma san ba addu'a yake yi mini ba. Saboda haka ba zan tsawaita ba.

Ka cika mini takarda da zafi, zafi. Gwaggo ba ta taɓa tsoron zafi ba. Na tuƙa ta a ranar da kwalta ke liƙe wa taya, ko atishawa ba ta yi ba. Hanci kuka toshe mata. Ka buɗe mata hanci ta shaƙi iska, ka ga aiki. Kada ka bar makaniken nan ya ƙara kwance ko noti ɗaya, tsohuwa ba ta son a yi ta yaye mata zane.

Yayanka kuwa halin ubanku ya ɗauko, in ya furta magana kunyar janye ta yake ji. Kada ka yi masa gardama.

Ka gaida kowa.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Inna ta ji saƙonka, ta ce dama ta san kunnen da bai ji maganarta ba tun kuna yara ba zai ji magani ba. Kowa lafiya.

Na yi abin da ka ce. Tun da na karanta takardarka na tsaya a gaban Gwaggo ina kallonta, na ce to ga ido biyu, hanci kuwa ai yana tsakaninsu. Na kwance ragar gaban nan gaba ɗaya. Kawu, da ka ga abin da na ciro daga lagireto da ka ce shara nake kwashewa: gashin kaza, leda, busassun fari, har da wani ɗan tsumma da ban san tun yaushe yake ciki ba. Na bi shi layi-layi da tsohon buroshi, na watsa ruwa ta baya har ya fito fari. Na ce ko ba nan kake nufi ba, sai na ciro matatar iska ita ma na wanke na shanya. Ragar ma ban mayar ba, don ta samu iska sosai. Masu shayin bakin titi suka ce Gwaggo ta cire haƙora za ta kwanta.

Na fita da ita ina murna. A tudun nan ta mutu, daidai gindin falwayar da ta saba.

Ka yafe mini, na koma wa makanike duk da ka hana. Bai kwance komai ba, aron kwayil ya ba ni, ya ce wani kwayil ɗin in ya ɗauki zafi yana yanke wuta. Na sa, ba ta canza zani ba, na mayar masa da abinsa.

Amma zaman da nake yi a inuwa ina jiranta ya sa na lura da wasu abubuwa, ban san ko suna da amfani ba. Ranar da aka yini ana ruwa, bonet sanyi ƙalau, allura ko rabi ba ta kai ba, ta mutu. In kaya sun yi nauyi tana mutuwa da wuri. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ranar da Yaya ya cika tanki har wuya, ko gada ba ma kaiwa. Ranar da man kaɗan ne, sai ta kusa kai ni ƙarshen tudu. Na faɗa wa makanike, ya yi dariya ya ce yunwa ke kashe mota, bai taɓa jin wadda ƙoshi ya kashe ba.

Shekaranjiya mai gwangwan ya zo. Yaya bai ce shi ya kira shi ba, shi ma ya ce wucewa yake yi. Ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Ƙarfen da ne wannan, akwai nauyi." Yabo yake yi. Inna tana bakin ƙofa, ta juya ta shige ciki.

Mai bulo ya fara ba wani mai mota rabin jigilata. Ban ga laifinsa ba.

Kawu, hancin ya buɗe, ba sauran abin da ya toshe shi. Ko akwai wani abu da ka manta ba ka faɗa ba?

Ɗanka,
Auta

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa muka ji ka shiru. Kullum sai na leƙa tasha, direban siminti ko ƙeyarsa ban gani ba. Inna ta fara cewa ko ba ka jin daɗi ne. Ni kuma na ce ko haushina ka ji da na koma wa makanike. Wannan takardar yaron wani mai tifa zan ba, ya ce ya san sitonku. In ta same ka, ka ba shi ko layi ɗaya ne don hankalin Inna.

Ga abin da ya faru. Yaya ya tafi sarin kaya, zai kwana biyu, sai ya ba ni makullin tanki ya ce in riƙe, kada in ba kowa. Tun da ya sayi murfin nan, wannan ne karon farko da makullin ya shiga hannuna. Na fita da bulo, ta mutu inda ta saba. Na sauko zan tafi inuwata, sai na ce tunda ga makulli, bari in zura kara in ga inda man ya tsaya, ko allurar mai ƙarya take yi mini.

Na murɗa makulli, murfin ya ƙi fita, kamar akwai mai riƙe da shi daga ciki. Na ja da ƙarfi. Kawu, sai na ji ta ja iska, fuuu, doguwa, kamar mutumin da aka daɗe da danne wa fuska da matashi. Tankin ya ce ɗam, gefensa da ya lotsa ya dawo daidai. Na zura kara, mai ya fi rabi. Na shiga na duba, allurar zafi tana sama, ba ta sauka ko kaɗan ba. Na ce bari dai in buga. Bugu na biyu ta tashi.

Ban yarda ba. Na mayar da murfi na ɗaure tamau, muka tafi, can gaba ta sake mutuwa. Na buɗe, ta ja iska, ta tashi. Sai na ɗora murfin sako-sako na ɗaure shi da waya don kada ya faɗi. Yini na yi ina jigila ranar, tudu na hau shi na sauko har na daina lura da falwayar nan. Mai bulo ya tambaye ni wane malami na kai ta.

Da na dawo gida na zazzage akwatin sifana na ƙarƙashin kujera, na samo tsohon murfin, wanda duk ya yi tsatsa. Na ɗaga shi a rana. Akwai wata 'yar huda a gefensa kamar kafar allura. Sabon ba shi da ita.

Kawu, wannan ne hancin?

In shi ne, to na warke daga ciwo ɗaya na shiga wani. Yaya yana ji da murfin nan, duk wanda ya zo sai ya nuna masa yadda ya yi maganin ɓarayi. Kuma na ji a shago cewa ya riga ya ba mai gwangwan baki, ƙarshen wata zai zo da masu yanka. In na tare shi na ce abin da ka sayo ne ya kusa kashe motar Baba, ka san abin da zai biyo baya. Zai ce gyaran ɗaurin waya ne, gobe ma wani ciwon za ta ɓullo da shi. Na mayar da murfin yadda yake kafin ya dawo, ban ce komai ba tukuna.

Ɗanka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina nan da raina, ka faɗa wa Innarka ta ajiye kukan sai an buƙata. Direban siminti aka tura wani wurin, ya tafi da takardarka a cikin hularsa. Jiya ya dawo, yaron mai tifa ma jiya ya zo, takardu biyu suka same ni lokaci ɗaya.

Ta farko na fara buɗewa. Da na kai inda ka wanke lagireto da buroshi, sai da na ajiye ta na fita waje na zagaya sito. Na ce yau ɗan ƙanwata ya yi wa Gwaggo wankan amarya, ciwo kuwa yana can baya. Har na fara neman takalmina in taho. Sannan na buɗe ta biyu.

Eh, shi ne hancin. Ni na raɗa masa wannan suna, ni da ubanku kaɗai muke faɗa, na ɗauka kowa a gidan ya sani. Mai yana fita daga tanki, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In ba ta samu hanya ba, famfo zai yi ta ja har ya gaji. Ka gwada shan ruwa a gora ka manne bakinka, za ka ji abin da take ji. Kana zaune a inuwa kana cewa tana hucewa, ita kuwa iska take sata kaɗan-kaɗan. Tun a takardarka ta fari na gane, a cikin gaisuwa ka faɗi ciwon, tsakanin ƙafar Innarka da ɓarayi. Amma kai da ka gano cewa ƙoshi ke kashe ta, ba mai faɗa maka, ka yi kai.

Batun Yayanka. Kada ka faɗa masa komai, kuma kada ka huda masa murfi a bayan idonsa. Ka ɗauke shi a motar, da murfinsa a ɗaure, da makullinsa a aljihunsa. Ka bar ta ta mutu a gabansa. Abin da kunnen mutum ya ji da kansa ba ya jin kunyar yarda da shi. Ka ji wannan daga bakin kurma.

Ka mayar mata da haƙoranta.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna, ta ce a faɗa maka ba kuka ta yi ba, hayaƙi ne. Muna nan lafiya, ƙafarta ma da sauƙi.

Na bi shawararka, amma sai da gabana ya faɗi. Saura kwana kaɗan wata ya mutu, ni kuma zan ɗauki mutumin da ke neman hujja in kai shi ya ga hujjar da idonsa. Na same shi a shago na ce, "Yaya, kafin a yanka ta, ka raka ni kai bulon nan, ko sau ɗaya ka shige ta na ƙarshe." Ya dube ni ya ce, "Turi kake neman wanda zai taya ka." Amma ya rufe shago ya shiga.

Shi ya cika tankin da hannunsa, ya kulle. Tun daga gida yana riƙe da marfin ƙofa, ƙafarsa ɗaya a shirye kamar mai jiran tsalle. Ba mu kai gada ba ta fara tari. Ta mutu a gefen titi, kusa da masu faci. Yaya ya sauke numfashi ya ce, "To ka gani, Auta. Ba ƙinta nake yi ba." Muryarsa ba faɗa a ciki, abin da ya fi taɓa ni ke nan.

Na ce, "Haka ne, Yaya. Ko za ka duba mana man, wataƙila tankin yoyo yake yi."

Ya ce, "Man da na zuba yanzu?" Ya sauka yana mita. Ni ban sauka ba, ta madubi nake kallonsa. Ya murɗa, murfi ya ƙi. Ya sa hannu biyu. Har cikin mota na ji ta ja iskar nan, tanki ya ce ɗam. Yaya ya ja da baya, mai faci ma ya ɗago kai. Na bari kaɗan, na buga. Ta tashi.

Ya daɗe a tsaye da murfin a hannu, yana juya shi, yana kallon tanki. Ya zo taga ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce Kawu ne ya ce a duba hancinta, ni kuma na yi ta wanke gaba. Na miƙa masa tsohon murfin, na nuna masa hudar. Ya haɗa su biyu yana dubawa. Na jira faɗa, na shirya masa. Sai ya juya wajen mai faci ya ce, "Malam, kana da siririyar ƙusa da guduma?"

Da kansa ya huda shi, Kawu, a gefe ta ƙarƙashi inda ruwan sama ba zai shiga ba. Sai da ya bugi ɗan yatsansa. Ya busa hudar ya ji iska ta wuce, ya ɗaure ya kulle. Da ya shigo sai ya jefa mini makullin a cinya ya ce, "Riƙe, aljihuna ya yi nauyi."

Muka hau tudu da lodi cike. Ba ta tsaya ba har muka kai sama. A can ya ce, "Mai gwangwan ni zan same shi, ni na ba shi baki. Akwai tsohon firjin shago, ya ɗauka ya rage zafi." Daga nan ya ce gobe in bi ta wajen dillalinsa in ɗauko masa buhuna, ya gaji da rigimar masu turin kura. Maganar zaman shago kuwa bai sake ɗaga ta ba, ni ma ban tuna masa ba.

Muka sauke bulo muka juyo. Ina ta ba shi labarin yadda zan gyara ƙofar baya da kujerar da ta yage, na ji ba ya amsawa. Na waiga. Ya saki marfin ƙofar, kansa ya jingina da gilashi, barci yake yi har da buɗe baki. Sai na rage gudu, na riƙa kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya har muka iso gida.

Ka gaida mutanen sito. In kun samu hutu kada ka nemi motar haya, ka aiko kawai, mu za mu zo mu ɗauke ka.

Ɗanka,
Auta